Na'urar "rage shan mai" ta haɗin gida: amsa ga wani mai noman rani a Kwalkwalawa

Wani manomin albasa ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina noman rani a fadamar Kwalkwalawa, ina da injin ban ruwa biyu masu inci uku. Tun da anka cire tallafin mai, fetur ya fi taki cin jarina. Ƙanena mai walda ya ga bidiyo a waya, ana haɗa wani bututu a jikin salansa da kwalba mai ruwa da fetur, wai injin shina aiki da ruwa kashi 80 cikin ɗari, don bututun shina juya man shi koma wata iska mai ƙarfi. Akwai kuma ta batir, mai fitar da iska daga ruwa. Ya ce in kawo kuɗin kaya mu haɗa. In haɗa ko in bari?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a kwashe albasa lafiya, ya kawo kasuwa. Shawarata ita ce kada ka ɗaura wannan na'ura a injin da kake cin abinci da shi. Amma ba zan tsaya a nan ba, domin ƙanen naka ba shashanci ya ɗauko gaba ɗaya ba. Akwai ilimi na gaske a bayan maganar, sai dai bututun da ke cikin bidiyon bai kai wurin ba. Kuma damuwarka a kan hanya take: litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Duk mai injin da ke kwana yana ruri a bakin gulbin Rima dole ya nemi mafita.

Mu fara da inda litar fetur take tafiya. A cikin lita ɗaya akwai ƙarfin da ya kai kusan yunit 9 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Ƙaramin inji irin naka, idan lafiyarsa ƙalau, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na wannan ƙarfi yake mayarwa juyin farfela. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa, wani ya fita ta haƙarƙarin silinda da fanka ke hurawa. Masu tallar irin waɗannan na'urori sukan ɗauki wannan lissafi su murɗe shi, su ce kashi uku cikin huɗu na manka yana fita ba tare da ya ƙone ba, don haka na'urarsu za ta ƙona maka shi. Ba haka ba ne. A injin da aka saita daidai, fiye da kashi 95 na man yana ƙonewa. Asarar ba ta rashin ƙonewa ba ce, ta zafin da ke tserewa ce bayan an riga an ƙone. Ke nan duk na'urar da aikinta kawai shi ne "gyara ƙonewa", abin da ya rage mata ta ceto ɗan kaɗan ne, ko da ta yi aikin nata ba kuskure.

To, ko za a iya kama zafin da ke bin salansa a mayar da shi cikin mai? Za a iya, kuma wannan shi ne ainihin aikin na'urar sauya mai, wadda injiniyoyi ke kira rifoma. Ana haɗa mai da tururin ruwa a kan wani sinadari mai hanzarta sauyi, wato katalis, cikin zafi mai tsanani, sai su rikiɗe su zama iskar haidurojin da kabon monoksaid. Sauyin yana shanye zafi, shi ya sa iskar da ta fito takan fi man da ya shiga ƙarfi. Takin yuriya da kake watsa wa albasarka ta wannan hanya ake fara yin sa: a masana'antar takin Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme, iskar gas ake sauyawa a sami haidurojin, daga nan a yi amoniya, a yi yuriya. Amma dubi sharuɗɗan. Zafin yakan kai digiri 700 zuwa 1,000, bututan cike suke da katalis na nikel, kuma sai an tsame sinadarin sulfa daga gas ɗin tas kafin ya shiga, domin sulfa kaɗan yana kashe katalis.

A kan inji mai fistin ma an gwada, ba yau ba. Man da ya fi sauƙin sauyawa shi ne metanol, wani nau'in sifirit na masana'anta, domin yana sauyawa a digiri 250 zuwa 300 a kan katalis na tagulla da zink, zafin da salansa ke iya bayarwa. A takarda, idan aka farfasa metanol ya zama haidurojin da kabon monoksaid, ƙarfinsa yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Fetur kuwa ya fi taurin kai nesa ba kusa ba. Yana buƙatar zafin da ya kusa na masana'anta, da katalis na ƙarafa masu tsada irin rodiyam, ga shi yana barin baƙin gawayi da ke toshe katalis ɗin. A shekarun 1990 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ƙera wata ƙaramar rifoma mai aiki da tartsatsin lantarki, har wani babban kamfanin kayan mota ya karɓi lasisinta, amma ba ta kai ga shiga motocin da ake sayarwa a kasuwa ba. Mutanen da ke da ɗakunan gwaji da kuɗi ke nan.

Yanzu mu zo kan abin da ƙanenka ya gani. Asalinsa na wani Ba'amurke ne, Paul Pantone, wanda ya kira shi GEET, ya kuma sami takardar mallakar fasaha a 1998. Daga baya ya shiga hannun hukuma a jihar Utah kan tuhumar damfarar masu zuba jari. Na'urar ta yaɗu sosai a Faransa a wurin manoma masu tarakta, daga can ta cika intanet. Ga siffarta: kwalba ko ƙaramar tukunya mai ruwa da fetur, a karkato wani ɓangare na hayaƙin salansa ya shiga ƙasanta yana ɓulɓulowa. Tururin da ya taso ya bi wani siririn bututu da aka zura a cikin bututun salansa, yana tafiya sabanin hanyar hayaƙi. A cikin siririn bututun akwai sandar ƙarfe da ta kusa cika shi, sai 'yar tazara. Daga nan tururin ya shiga inji. Mabiya Pantone suna cewa a wannan 'yar tazara ake samun "plasma", wato iska mai ɗauke da cajin lantarki, da maganaɗisu, har ma ana cewa sai an daidaita sandar da arewa yayin tashin farko.

Nemi sharuɗɗa uku na sauya mai a ciki: katalis, zafi da lokaci. Katalis babu, sandar ƙarfe ce kawai irin ta rodi. Zafi bai isa ba: hayaƙin ƙaramin inji yakan fito daga bakin bawul da digiri 500 zuwa 700 idan yana ɗauke da kaya, kuma kafin ya yi taku ɗaya a cikin bututu ya huce sosai, abin da ke ratsawa zuwa bututun ciki kuwa bai kai haka ba. Lokaci ma babu, domin tururin yana wucewa cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa ruwa, idan za a raba shi da zafi tsagwaronsa ba katalis, sai an wuce digiri 2,000, a nan ma ɗan kaɗan ne ke rabuwa. Ƙarfen bututun kansa yana narkewa a wajen digiri 1,500, kuma ƙanenka ya fi ni sanin haka. Ruwa tokar haidurojin ne, Malam. Abin da ya saura ke nan bayan haidurojin ya gama ci da wuta. Yadda ba za ka kwashi toka daga murhu ka sake dafa tuwo da ita ba, haka ba za ka sami ƙarfi daga ruwa ba sai ka fara zuba masa ƙarfin da ya kai wanda za ka karɓa, a aikace ma fiye.

Za ka ce, to ai injin yana tashi a bidiyon, ka gani da idonka. Yana tashi, kuma ba sihirin kyamara ba ne. Kwalbar nan kafireta ce irin ta kakanni. Motar farko ta Karl Benz ta 1886 da irinta take aiki: iska ta ratsa fetur ta kwaso tururinsa. An yi watsi da ita bayan Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai fesawa a 1893, saboda wata matsala da har yau tana nan a cikin kwalbar bidiyon. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne na sinadarai da yawa, wasu suna tafasa tun daga digiri 35, wasu sai kusan 200. Idan hayaƙi mai zafi ya ɓulɓula ta ciki, marasa nauyin ne ke fara tashi, kuma su ne masu saurin kama wuta. Don haka a awa ta farko injin zai yi ƙara mai daɗi, hayaƙinsa fes. Bar shi zuwa la'asar ka buɗe kwalbar. Za ka tarar da wani mai ja-ja, mai kauri, yana warin kananzir, kwance a kan ruwan, ruwan kuma da ƙyar ya ragu da faɗin yatsa. Ja igiya ka ga ko zai tashi. Wannan ragowar ba mai nuna ta a bidiyo, kuma ba mai sa ta a lissafi, alhali kuɗi ka sa ka saye ta. Zancen kashi 80 na ruwa kuwa, abin da ke cikin kwalba ake nufi, ba abin da ya shiga silinda ba. Fetur yana yawo a saman ruwa, shi ke tashi, ruwan yana zaune.

Sannan ka lura da kyau, kusan duk injin da ake nunawa ba ya ɗauke da kaya. Janareta ne da ƙwan fitila ɗaya, ko injin da ba a haɗa masa komai ba. Tururi mai zafi da hayaƙin da aka mayar ciki suna cinye gurbin iska mai kyau, ƙarfin injin ya faɗi. Injin da ke aiki kaɗan dole ya sha mai kaɗan a awa. Kai kuwa ba awa kake saye da fetur ba, ruwa kake saye. Idan shan mai ya ragu da kashi uku cikin goma, ruwan da ke fita ya ragu da huɗu, asara ka yi, ga ƙarin awannin tsayuwa a rana.

Duk da haka na yarda akwai masu gaskiya da suka haɗa ta suka ga sauƙi, kuma na san dalili. Fetur yana son iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone daidai. Yawancin injinan ban ruwa da ake kawo mini, man da kafiretarsu ke zubawa ya wuce haka da nisa. Jet ya toshe sau ɗaya, yaron makanike ya zura masa wayar burki ya buɗa shi, ramin ya faɗaɗa har abada. Allurar fulot ta cinye, mai yana tsiyaya ko injin a kashe. Soson matatar iska ya sha ƙurar hunturu ya zama kamar bulo, kuma a inji mai kafireta toshewar matata daidai take da jan cok rabi. Wani ma cok ɗin ne ya saki, yana rufe kansa da girgiza. Ƙara da zafinmu: iskar digiri 43 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 7, don haka kafiretar da aka saita a ƙasa mai sanyi tana ɗan yawaita mai a nan ko sabuwa ce. Ciro filogin irin wannan inji, za ka gan shi baƙi ƙirin da gawayi mai laushi, idan ka shafa ya kama yatsa. To idan aka cire wannan kafireta aka sa kwalba, an daina ambaliyar mai, dole a ga bambanci. Sai a yaba wa sanda da "plasma". Sabon jet da allura da soso za su ba ka wannan ribar a kan kuɗin da bai kai na bututun ba, kuma ƙarfin injinka yana nan.

Ga kuma abin da na'urar ke yi wa inji. Naka iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma a watan Afrilu a Sakkwato iskar da fankarsa ke ja ta riga ta wuce digiri 40. Kwalba ba ta da hanyar daidaita mai da iska yayin da kaya ke sauyawa, mutum ne ke murɗa famfo da hannu yana saurare. Idan mai ya yi ƙaranci, ga tururin shiga da zafi, injin zai fara ƙwanƙwasa daga ciki, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, wani lokaci kan fistin ya ɓule. Tururin ruwan da ya sulale ta gefen ringi yana sauka cikin baƙin mai ya mayar da shi fari-fari, daga nan sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Mafi muni, ƙaramin inji yakan yi atishawa ta baya, wutar ta biyo hanyar shiga. A kafireta ta yau da kullum sai dai ka ji "fat" ya wuce. A nan kuwa ƙarshen hanyar tukunya ce mai cike da tururin fetur mai zafi, kuma yaron da ke tsaron injin a gindinta yake zaune. Idan janareta ne a zaure ko shago, duk mahaɗin da bai toshe ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari, wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan.

Ta batir ɗin, wadda ake kira HHO, lissafinta ya fi sauƙi. Faranti ne na ƙarfe a cikin ruwa mai soda, lantarki ya raba ruwan ya zama haidurojin da oksijin. Irin wadda ake haɗawa a gida tana jan kusan amfiya 20, kuma idan ta yi ƙoƙari ta ba da lita ɗaya ta iska a minti. Amfiya 20 a kan bolt 14 wat 280 ke nan. Ƙarfin da ke cikin wannan lita ɗaya a minti kuwa kusan wat 120 ne. Tun a nan an yi asarar fiye da rabi. Altanetar mota ita ma tana zubar da kusan kashi 40 na abin da ta karɓa, don haka sai ta ja wajen wat 500 daga inji kafin ta ba da 280 ɗin. Wat 120 ɗin kuma idan ya ƙone a silinda, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai dawo juyi, wato wat 30. Ka ba da 500, ka karɓi 30. Masu kare ta sukan ce ba ƙarfinta ake nema ba, haidurojin ne ke sa fetur saurin ƙonewa. Gaskiya ne haidurojin yana yin haka, an tabbatar a ɗakunan gwaji, amma da yawan da ya ninka wannan sau da dama. Injin mota mai lita biyu yana shaƙar ɗaruruwan litocin iska a minti ko a tafiyar cikin gari, lita ɗaya ba ta ko yi masa tari. Shi ya sa masu sayarwa ke haɗawa da wata 'yar na'ura da ke yaudarar sensar oksijin, kwamfutar mota ta rage mai. Idan an ga sauƙi daga nan ya fito, kuma bawul ne ke biya. Injin ban ruwanka ma ba shi da altaneta, sai ka riƙa ɗaukar batir zuwa caji. Iskar kuma ta riga ta gauraya da oksijin ɗinta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta tarwatsa robar ta watsa ruwan soda a ido. Wanda ya sa gishiri maimakon soda kuwa, iskar kulorin mai guba yake haɗa wa kansa. Wanda ya fi shahara da "mota mai aiki da ruwa", Stanley Meyer, wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba a 1996, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari biyu kuɗinsu.

Fesa ruwa a cikin inji dai wata fasaha ce daban, kuma ta gaske. Jiragen yaƙi sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, BMW ma ta sa ta a motar M4 GTS ta 2016. Aikin ruwan shi ne sanyaya silinda don hana ƙwanƙwasa a inji mai turbo, wato na'urar cusa iska, da matsi mai yawa. Ba mai ba ne, kuma ƙaramin inji mai sauƙin matsi irin naka ba abin da zai ƙaru da shi.

Na san abin da ake faɗa a majalisa: kamfanonin mai ne suka danne fasahar. Takardar mallakar fasaha a buɗe take ga kowa, kuma wa'adinta shekara 20 ne, na Pantone ya ƙare. Kamfanonin Sin da ke kwaikwayon injin Honda har zuwa launin tanki, da Bajaj da TVS na Indiya da ke gasar wanda babur ɗinsa ko kekensa ya fi ƙarancin shan mai, wa zai hana su ƙara bututu da sandar rodi su cinye kasuwar Najeriya? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai sama da 100, ba ta sami wadda ta kawo ragi na a zo a gani ba.

Idan ƙanen naka ya dage, kada ka kashe masa gwiwa, mai son gwaji abin riƙewa ne. Ya nemi tsohon injin da ba a dogara da shi ba, a fili, nesa da jarkokin mai, da bokitin yashi a kusa, kwalbar kuma ta ƙarfe, ba gilashi ko roba ba. Sharaɗi ɗaya zan kafa masa: a fara gyara injin tsaf da kafiretarsa ta asali, a auna, sannan a ɗaura na'urar a sake aunawa. Awon kuma na ruwa ne a kan mai. Ku cire tiyon tanki, ku ba injin fetur daga roba mai ma'auni, a ce mililita 250, bayan ya yi zafi. Rijiya ɗaya, tiyo ɗaya, tsayi ɗaya. Ku ƙirga durom nawa mai lita 200 ya cika kafin man ya ƙare, ko ku yi da tanki mai lita 1,000 idan akwai. Ku maimaita har sakamakon ya daina tsalle. A gefen na'urar, duk fetur ɗin da aka zuba a tukunya shi ne a lissafi, har da ragowar da injin ya ƙi ci. Kuma mai riƙe totur kada ya zama shi ne mai son na'urar ta ci, domin hannu yakan bi zuciya ba da sani ba.

Ba a salansa gizo ke saƙa ba, a wurin famfon ne. Famfo mai farfela yana da wata ƙa'ida da manoma kaɗan suka sani. Yawan ruwa yana bin gudun inji kai tsaye, amma ƙarfin da famfon ke ci yana bin gudun ne da aka ninka da kansa sau uku, wato gudu sau gudu sau gudu. Waɗannan injina an yi su ne su yi juyi 3,600 a minti su tura ruwa sama mai nisa, sama da mita 20. A fadama kuwa, daga Kwalkwalawa har Wurno da Goronyo, sau da yawa ɗagawar 'yan mitoci ce. Idan ka sauke gudu zuwa kashi 80, ruwan zai ragu zuwa wajen kashi 80 ko ƙasa kaɗan, ƙarfin da ake buƙata kuwa ya faɗo kusan rabi. Shan man ba zai ragu da rabi cif ba, domin injin kansa yana da nasa cin, amma kowace lita za ta ɗaga ruwan da ya fi na da. Iyakar abin ita ce tsayin da famfon ke iya turawa yana raguwa zuwa kashi 64, don haka idan ruwanka ya yi zurfi, kamar ƙarshen rani, akwai gudun da in ka sauka ƙasa da shi ruwa zai tsinke. Da awon durom ɗin nan za ka gano inda ya fi maka. Yawancin yaran gona a ƙarshen totur suke barin inji don su gama da wuri su tafi, kuma ba su ke sayen man ba.

Sai ɓangaren zuƙa. Famfo yana turawa da sauƙi, zuƙa ce ke wahalar da shi, kuma da ta kai mita 7 zuwa 8 ya gaza. Kowace mita da ka sauko da shi kusa da ruwa riba ce, shi ya sa masu haƙa rami su zaunar da injin a ciki suke da gaskiya, muddin ba mai zama a ramin yana shaƙar hayaƙi. Tiyon zuƙa da aka ɗaure da robar tayar keke yana shan iska ta mahaɗi, za ka ga ruwan yana fita yana tofi, fari da kumfa. Sa zobe da gaskit na kirki. Duba ragar bakin tiyo ko ciyawa ta naɗe ta. Tiyon leda na turawa idan ya lanƙwashe ko an haɗa mai inci biyu a bakin famfo mai inci uku, injin yana kokawa da tiyo ne, ba da tudu ba. Farfelar da yashi ya cinye kuwa tana juyi tana shan mai, ruwan yana komawa baya ta gefenta.

A jikin injin, tazarar filogi milimita 0.7 zuwa 0.8, tazarar bawul a irin injin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa 0.15 na shiga, 0.20 na fita, a auna injin yana sanyi. Baƙin mai duk awa 100, a ƙurarmu ma gara a rage. Soson iska a wanke shi akai-akai lokacin hunturu, kada a cire shi a yar kamar yadda wasu ke yi.

Idan canjin mai kake so da gaske, kafiretar iskar gas ta girki ita ce hanyar da ta tabbata, kuma tana kasuwa. Kilo ɗaya na gas yana daidai da kusan lita 1.4 ta fetur a ƙarfi. Ka tambayi kuɗin kilo a inda kake cikawa, ka ninka kuɗin litar fetur sau 1.4, wanda ya fi araha ka gani da kanka, ka kuma sa wahalar ɗaukar tukunya zuwa gona a ciki. Tukunyar a tsaye, a inuwa, nesa da salansa, da tiyon gas na ainihi, a riƙa duba mahaɗi da ruwan sabulu. Famfon sola ya fi duka dacewa da ranar Sakkwato ga mai ruwa kusa, matsalarsa kuɗin farko da tsaron faranti daga ɓarayi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ba ta da nisa da gonarka, ta daɗe tana aiki kan sola da gas na kashin dabbobi, kuma wuri ne da ya dace ƙanenka ya je da tambayoyinsa. Idan kuma haɗa iska mai ƙonewa da hannunsa ne burinsa, ya karanta kan tukunyar da ke fitar da gas daga gawayi ko ɓuntun shinkafa. Ita tana ba da haidurojin da kabon monoksaid na gaske, motoci masu ɗimbin yawa sun yi tafiya da gas ɗin itace a Turai lokacin yaƙi, sai dai injin yana rasa kusan sulusin ƙarfinsa ko fiye, tace kwalta aiki ne ja, kuma iskar guba ce da ba a wasa da ita a cikin ɗaki.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi awon mililita 250 ɗin nan a injinanka biyu yadda suke yanzu, ka ciro filoginsu ka ɗauki hoto. Sannan a gyara kafireta da mahaɗin tiyo, ka sake aunawa a cikakken totur da kuma ƙasa da shi kaɗan. Ka turo mini adadin durom na kowanne, da zurfin ruwanka daga bakin famfo da tsawon tiyon turawa, sai in gaya maka ko famfo mai inci uku ma ya dace da rijiyar taka, ko mai inci biyu zai ishe ka.